Mosfet uku sun ƙone kuma har yau ban ga amsa-kuwwa ba, a taimaka min kan na'urar duba tsagar layin dogo

Auwal T/Wada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Dan Allah taimako nake nema, furojet ɗina na ƙarshe ne, ina haɗa na'urar da za ta riƙa gano tsaga a cikin ƙarfen layin dogo da sautin nan da kunne ba ya ji. Na samu furob, wato kan da ke harba sautin ya saurari amsarsa, mai megahaz 2.25 a wajen wani yayana, na haɗa busta da ke ɗaga batirin bolt 12 ya kai kusan 300, sai na sa mosfet IRF840, wato makunnin lantarki, ina kunna shi kai tsaye da ƙafar Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da ke ba da umarni. Wallahi cikin sati biyu mosfet uku sun tafi, jiya da daddare kuma ƙafar Arduinon ma ta mutu. A osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a fuskarta, ba abin da nake gani sai wani dogon tudu yana gangarowa a hankali. Ko wutar ce ta yi kaɗan in ƙara ta kai 500?

Oga Sabo Panteka: Wa alaikumus salam. In dai wuta kake so ai ba sai ka wahala ba, ka samo raket ɗin kashe sauro ka fasa, allon cikinsa yana ba da sama da bolt dubu, ko filashin tsohuwar kyamara shi kuma wajen 300 yake. Akwai su a wajena ka shigo da yamma.

Malam Bashir: Oga Sabo dan girman Allah kar ka ba shi na raket. Wannan wutar za ta iya lalata kiristal ɗin da ke kaɗawa a cikin furob ɗin, kuma furob ya fi duk sauran kayan da ke kan teburinsa tsada. Auwal, wutarka ba ta yi kaɗan ba, ta ma yi yawa. Na'urorin da ake sayarwa na wannan aiki tsakanin bolt 100 zuwa 400 suke bugawa, kuma da 150 ma za ka ga amsa a ƙarfe mai kyau. Matsalarka sauri ne. Turo min yadda ka haɗa, wace resista ce tsakanin wutar da mosfet ɗin, kuma tsawon wane lokaci kake barin shi a kunne?

Auwal T/Wada: Malam resista om 100 ce, ga kafasita babba mai maikurofarad 100 da na cire daga tsohuwar talabijin a bakin bustar. Kunnawar kuma da digitalWrite nake yi, in jira kaɗan, in kashe.

Malam Bashir: To ga inda gizo ke saƙa. Ɗauki biro mu yi lissafin tare. Furob ɗinka yana kaɗawa sau miliyan 2.25 a sakan ɗaya, wato kaɗawa ɗaya nanosakan 444 ce, rabinta 222. In kana son kiristal ya amsa dole bugun ya sauka cikin lokacin da bai kai wannan rabin ba, a ce nanosakan 20 zuwa 50. Shi kuma get ɗin IRF840, wato ƙafar da ake kunna shi da ita, kafin ya buɗe sosai sai ka zuba masa caji wajen nanokulom 60, ƙafar Arduino kuwa iyakar ƙoƙarinta miliamfiya 40. Raba ka gani, maikurosakan ɗaya da rabi kenan, ya ninka kaɗawar furob ɗin sau uku da wani abu. Kamar ka ɗora tafin hannu a kan ganga ka danna a hankali ne, fatar za ta lotsa amma ba za ta yi ƙara ba, sai an mare ta an janye hannu. Wannan dogon tudun da kake gani shi ne dannawar.
Ƙonewar kuma dalili biyu ne. Bolt 5 ba ya buɗe IRF840 gaba ɗaya, sai 10 ko 12, to yana tsaye rabi a buɗe amfiya kusan 3 na bi ta cikinsa ga ɗaruruwan bolt a kansa, dole ya gasu. Sannan duk sanda wutar diren, wato ƙafar mosfet da babbar wuta ke shiga, ta motsa da ƙarfi tana tsallakowa ta cikin mosfet ɗin ta dawo get, ita ce ta bi waya ta kashe maka ƙafar Arduino tunda ba komai a tsakani.

Usman Kawo: Ni fa ban ga dalilin da za a zauna ana ƙona kaya a wannan zamani ba. Akwai cif da aka yi don wannan aikin kawai, MD1213 ka haɗa da TC6320 ka gama, ga MD0100 ya tsare maka ɓangaren karɓa. Masu yin na'urar sikanin asibiti irin su suke sawa. Ya yi oda kawai ya huta.

Oga Sabo Panteka: Usman ka taɓa nemansu a Kaduna? Ka zaga Kasuwar Gumi kaf ka dawo Panteka ba za ka samu ko ɗaya ba, sai oda daga waje, ga dala ga jiran wata guda, kuma ƙananan nan ne da ake mannawa a allo, yaron da ke da ayan ɗin solda na talakawa ya zai yi da su. In ɗaya ya ƙone ranar da ya rage kwana uku ya kare furojet fa? Malam Bashir na karɓi gyara kan raket, ban san kiristal ɗin ba ya jure ta ba.

Usman Kawo: Gaskiya ne maganar samuwa. Amma duk da haka abin da za a hau layi da shi a dogara da shi ba a kan biredbod, allon gwaji da ake soka waya, za a yi ba.

Malam Bashir: Wannan ba musu. Amma wanda bai taɓa tura get da hannunsa ya ga abin da santimita goma ta waya ke yi wa bugu ba, ko ka ba shi cif ɗin sai ya haɗa shi ba daidai ba. Auwal ga abin da za ka yi. Nemi TC4420, direban get ne mai ba da amfiya 6, ka ba shi bolt 12, ka manna masa kafasita ta seramik a jikin ƙafafunsa, shi kuma ya zauna dab da mosfet kamar sun rungumi juna. Resistar om 100 ɗin nan cire ta ka sa kilo 47. Daga diren ka ɗauki kafasita nanofarad 2.2 mai jure bolt 630 ko dubu ka kai ta furob, sai resista om 100 daga furob zuwa ƙasa. Yadda abin ke aiki, ƙaramar kafasitar tana cika a hankali ta kilo 47, da mosfet ya kunna sai ya fizgo gefenta ɗaya ƙasa, ɗaya gefen ya faɗa ƙasa da sifili nan take, wannan faɗuwar ita ce marin da kiristal ke so. Bayan nan ko ka manta mosfet ɗin a kunne miliamfiya kaɗan ce ke wucewa, ba abin da zai yi zafi.
Kuma ka sani a wannan ɗan ƙiftawar wutar da ke gudu ba ƙarama ba ce. Furob da wayarsa tamkar kafasita suke, wayar koaks kaɗai kusan fikofarad 100 ce a kowace mita, in duka sun kai nanofarad 1 kana son ka juya su bolt 200 cikin nanosakan 20, amfiya 10 kenan. Shi ya sa biredbod ba zai yi ba. Samo allo mai jan ƙarfe a shimfiɗe ka solda komai a kai, ƙafafu gajeru.

Injiniya Hadiza: Sannunku da aiki. Ina karantawa tun ɗazu ina wajen aiki ban samu damar magana ba. Ni duba walda da bututu nake yi da irin wannan na'ura shekara da shekaru. Kafin komai ƙanina, kafasitar talabijin ɗin nan ka cire ta yau ɗin nan. Maikurofarad 100 a bolt 300 jul 4.5 ne a ajiye, kuma tana riƙe shi bayan ka cire batir, in ta bi ta hannu biyu ta ƙirji ba wasa ba ne. Maikurofarad 1 ta ishe ka, ka ɗaura mata resista mega 1 don ta riƙa zubar da wutar da kanta cikin 'yan sakanni, kuma ka auna da mita kafin ka taɓa komai, kullum. Tambayata kuma, me kake shafawa tsakanin furob da ƙarfen?

Auwal T/Wada: Anti ban shafa komai ba, dannawa kawai nake yi da ƙarfi.

Injiniya Hadiza: To ko da da'irarka ta fi ta kowa kyau ba za ka ga komai ba. Iskar da ke tsakani, ko siririya ce kamar gashi, tana mayar da kusan duk sautin baya. Sai ka sa ruwa ko giris ko man inji, kuma ka goge tsatsa tukuna. Masu duba layi ruwa suke tafe da shi a tanki yana ɗiga gaban furob, manyan motocin dubawa kuma furob ɗin a cikin wata taya ta roba mai cike da ruwa yake zaune tana birgima a kan layin.

Sadiq U/Rimi: Ni tambayata ta jahilci ce a yi haƙuri, me ya sa ba zai sa sensan nan mai ido biyu da muke sa wa robot ba, HC-SR04? Ai shi ma sautin ne kuma ba ya buƙatar wata babbar wuta.

Injiniya Hadiza: Tambaya ce mai kyau Sadiq. Wancan kilohaz 40 ne kuma don iska aka yi shi. Sauti a cikin ƙarfe yana gudun mita 5900 a sakan, in ka raba da 40,000 tsawon zangonsa kusan santimita 15 ne, tsagar da ba ta kai farce ba zai wuce ta bai san da ita ba. A megahaz 2.25 zangon milimita 2.6 ne, shi ya sa ake zama tsakanin megahaz 2 da 4 a aikin layin dogo. Babbar wutar kuma saboda abin da ke dawowa ne, ka buga da ɗaruruwan bolt amma amsar da ƙaramar tsaga ke maidowa 'yan milibolt ce.

Baba Ɗanladi: Assalamu alaikum. Jikana ne ya karanta min wannan magana na ce ya rubuta min amsa. Na yi aikin Reluwe a tsohon layi har na yi ritaya, tsakanin Kaduna Junction da hanyar Kafanchan na fi zama. Mu a lokacinmu ido ne da guduma da doguwar sifana, da asuba za ka ɗauki yankinka ka taka da ƙafa kana duba kowane haɗi. Abin da nake so yaron nan ya sani, ƙarfe ba a tsakiya ya fi karyewa ba, a bakin haɗi ne inda aka huda ramukan kusoshi. Tsagar daga bakin ramin take farawa ta tafi a karkace, kuma farantin haɗin ya rufe ta ruf, ido ba ya gani sai an kwance. Wata safiya cikin hunturu, sanyi har hannu ba ya riƙe sifana, na buga wani haɗi na ji ƙarar ta mutu, ba ta yi wannan tsin ɗin da lafiyayyen ƙarfe ke yi ba. Da muka kwance farantin sai ga guntun kan ƙarfen kamar tsawon tafin hannuna ya rabu, farantin ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma fuskar karayar rabi ta yi baƙi da tsatsa rabi tana sheƙi, wato ta daɗe tana ci a ɓoye. Jar tuta na kafa na yi ta gudu. Har yau in na tuna jirgin fasinja da ke tafe a ranar sai gabana ya faɗi. Ɗana ka yi wannan aiki da gaske, Allah Ya yi maka albarka.

Auwal T/Wada: Amin Baba, na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Injiniya Hadiza: Baba Allah Ya saka da alheri, abin da kuka faɗa shi ne ainihin dalilin da ba a duba layi da furob ɗaya. Wanda ke hannun Auwal miƙe yake harbawa ƙasa, yana ganin gindin ƙarfen da tsagar da ta kwanta. Ta bakin rami irin wadda Baba ya gani a karkace take, sai furob mai kusurwa 37 ko 45. Wadda ta fi kowacce haɗari kuma ita ce mai tsaye a cikin kan ƙarfen tana girma kamar ƙoda, ita sai mai kusurwa 70. Irin ta ce ta kayar da jirgi a Manchester ta jihar New York a Amurka a 1911, abin da ya kai ga Elmer Sperry ya fito da motar duba layi ta farko a 1928, ita ma da maganaɗisu ta fara, sauti daga baya ya shigo. A Hatfield ta Ingila kuma a watan Oktoba na 2000 ƙananan tsagogin saman ƙarfe ne suka ci ciki har layin ya farfashe a ƙarƙashin jirgi, mutum huɗu suka rasu. Kuma abin da ke tayar min da hankali da irin waɗannan, tsagar sama tana iya tare sautin ta ɓoye babbar da ke ƙarƙashinta. Don haka Auwal, a rubutunka kar ka ce na'urarka tana tabbatar da lafiyar layi. Na'urar da ta yi shiru saboda ruwa ya ƙare ko waya ta tsinke, mai riƙe da ita zai ɗauka layin ne lafiya ya wuce. Ka sa ta riƙa lura da amsar gindin ƙarfe, da ta ɓace ta yi ƙara.

Malam Bashir: Wannan shawarar ta ƙarshe ita kaɗai ta isa babi guda a furojet. Kuma lissafinta mai sauƙi ne, ƙarfe mai kilo 60 a mita tsayinsa milimita 172, zuwa da dawowa 344, wato maikurosakan 58 bayan bugu dole ka ga wani tsini a wurin.

Usman Kawo: Malam me za ka ce kan taransistan abalanc, wanda ake bari wuta ta fasa ta cikinsa ta ba da bugun? Na ga ana yi da 2N5551, ba direba ba komai, kuma saurinsa ya fi na mosfet nesa.

Malam Bashir: Yana yi, na gwada. Sai dai kowane ɗaya da wutar da yake fashewa a kai, sai ka zauna ka tsince cikin goma, kuma zafi na canza shi. Ka tuna ƙarfen layi a watan Maris da Afrilu a nan Kaduna ko taɓa shi ba ka iya yi da rana. Abin aunawa ana son bugun yau ya zama irin na gobe.

Injiniya Hadiza: Ni inda na ɗan saba da Malam shi ne siffar bugun. Tsinin nan mai faɗuwa ya dawo da kansa yana aiki, amma in ka yi bugu mai murabba'i ka daidaita faɗinsa da rabin kaɗawar furob, nanosakan 222 ɗin nan, saukarsa ta tura kiristal hawansa ya ƙara tura shi a daidai lokaci, sai ka samu amsa mafi ƙarfi da ƙaramar wuta. Na'urar da nake aiki da ita haka take, ina murɗa faɗin ina kallon tsinin yana tashi.

Malam Bashir: Ban musa ba Injiniya, amma sai ya ƙara mosfet na biyu da zai dawo da layin da sauri, ga agogon Arduino megahaz 16 ne, taku ɗaya nanosakan 62.5, ko ya samu 187 ko 250, ba 222. Sai ya sa 74HC123, cif mai tsara faɗin bugu, da resista mai murɗawa. Ya fara ganin amsa da mai sauƙin tukuna.

Injiniya Hadiza: Na yarda, a bi a hankali. Amma kar ya manta ɓangaren karɓa, waya ɗaya ce ke kai bugu ta dawo da amsa. Resista kilo 1 sannan diyod 1N4148 guda biyu kai da ƙafa zuwa ƙasa kafin amfilifaya, in ba haka ba bugun farko zai kashe ta. Kuma kar ya ce zai karanta da ADC na Arduino, wato ɓangarensa mai auna wuta, wajen sau dubu goma yake ɗauka a sakan, abin da muke nema miliyoyi ne. Osiloskof tukuna, da wayar aunawarsa mai rage wuta sau ɗari in zai duba diren.

Nura Rigasa: Ni ba injiniya ba ne amma a bakin tasha nake zaune. Auwal dan Allah kar ka kuskura ka ɗauki akwati mai wayoyi da batir ka je bakin layin Abuja ka durƙusa ba takarda. Tun harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022 jami'an tsaro ba sa wasa da wannan layin, kafin ka yi bayani an wuce wurin. Makarantarku ta rubuta wasiƙa zuwa hukumar jiragen ƙasa. Haka guntun ƙarfen dogo, kar ka saya a hannun 'yan gwangwan ko da arha, ana kama mutane kan satar ƙarfen layi kuma ba wanda zai tsaya jin cewa na furojet ne.

Oga Sabo Panteka: Nura ya faɗi gaskiya. Ka zo in kai ka wajen masu injin gurza ƙarfe su yanko maka dunƙulen ƙarfe mai kauri milimita 50 su share fuska biyun sumul, shi ya ishe ka gwaji. TC4420 ma zan tambaya maka, in babu a nan akwai mai kawo min kaya daga Legas ranar Alhamis.

Auwal T/Wada: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Alhamdulillahi!! Na haɗa kamar yadda Malam ya ce a kan allon jan ƙarfe, na sauke wutar zuwa 150, na shafa giris a dunƙulen da Oga Sabo ya sa aka yanko min. Da farko ƙananan tsinayen hayaniya ne kawai kamar ciyawa cike da fuskar osiloskof, sai na lura in na cire wayar busta tana ɓacewa, sai na sa Arduino ya riƙa kashe bustar kafin kowane bugu ya kunna ta bayan an gama saurare. Wallahi ina kunnawa sai ga tsini a maikurosakan 17, wani a 34, wani a 51, har na huɗu ana ganinsa kaɗan, kowanne ya fi na gabansa gajarta. Na ɗaga furob suka ɓace na mayar suka dawo, na yi haka ya fi sau ashirin, har mahaifiyata na kira ta zo ta gani. Mosfet ɗin ko ɗumi bai yi ba awa biyu. Jiya aka huda min rami milimita 3 ta gefe a zurfin 25, in na zo kansa sai wani tsini ya fito wajen 8, na gindin kuma ya ragu. Damuwata yanzu, maikurosakan 4 na farko duk kaɗawar bugun ce ta cika, ba a ganin komai a ciki.

Malam Bashir: Masha Allah, barka Auwal. Milimita 100 zuwa da dawowa a raba da 5.9, 17 ɗin kenan daidai.

Baba Ɗanladi: Jikana ya nuna min hoton. Allah Ya sa albarka. In takardarku ta fito ka zo Kakuri ka ɗauke ni in nuna maka irin haɗin da ake fara dubawa.

Injiniya Hadiza: Barka ƙanina, na ji daɗi sosai. Wannan maikurosakan 4 kuwa kar ka raina shi, kusan milimita 12 na saman ƙarfe kenan ba ka gani, kuma nan ne taya ke murza, nan tsagogin ke farawa. Sauke resistar om 100 ta bakin furob zuwa 50 ka ga yadda kaɗawar za ta gajarta, tsinin zai ragu kaɗan amma ka ƙara a amfilifaya. Rage wayar koaks in ta wuce mita ɗaya da rabi. In duk bai isa ba sai furob mai kiristal biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na saurare, ina da wani tsoho mai megahaz 4 zan ara maka. Ka sa a ƙara huda rami a zurfin milimita 8 da wani a 5, ka turo hoton kowanne kafin Asabar.

Auwal T/Wada: To Anti, in sha Allah gobe da safe zan koma Panteka. Na resistar kuwa yanzu zan canza, om 47 ce a hannuna, ta yi?

Malam Bashir: Ta yi. Amma kar ka sa irin mai naɗin waya a ciki, ta kabon ko ta fim za ka nema, kuma ka auna kafasitar da mita kafin ka kai ayan.